Wa ke gwada tsinken gwajin maleriya?

Tun da annobar korona ta lafa, wata muhawara ta ƙi ƙarewa tsakanin likitoci, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da likitocin dabbobi a ƙasar nan. Kafin 2020 wurare ƙalilan ne a Nijeriya ke iya gano ƙwayar cuta ta hanyar karanta sinadarin gadonta. Annobar ta tilasta wa gwamnatoci sayen injinan PCR, har ɗakunan da ke wannan aiki suka haura ɗari. Yanzu da aka daina layin gwajin korona, me za a yi da su? Wasu na cewa lokaci ya yi da za a jingine madubin likita da tsinken gwajin maleriya, duk mai zazzaɓi a yi masa gwajin zamani. Wasu kuma na cewa wannan almubazzaranci ne a ƙasar da asibitin ƙauye ke karɓar haihuwa da fitilar waya. Ni ina ganin duka biyun sun ɗora wa injin aikin da ba nasa ba. Matsayina shi ne: mara lafiyar da ke kwance yana karkarwa ya ci gaba da samun gwajin tsinke da na madubi, domin su ne masu sauri da araha, amma ƙasar da ba ta amfani da PCR wajen bin diddigin ko waɗannan gwaje-gwaje da magungunan da ke biye da su suna aiki har yanzu, tana tafiya ne cikin duhu, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Dalilin da ya sa ƙwayar maleriya da ire-irenta ke da wuyar sha'ani shi ne ba sa yawo a fili, shiga suke yi cikin ƙwayoyin jikin mai rai su ɓuya. Ƙwayar maleriya, da sauro ya zuba ta, hanta take fara nufa ta hayayyafa a can, sannan ta fito ta afka cikin jajayen ƙwayoyin jini. Babesia, wadda kaska ke sa wa shanu har su riƙa fitsarin jini, ita ma cikin jajayen ƙwayoyin take zama. Theileria kan fara da fararen ƙwayoyin jini. Leishmania, mai haddasa cutar kala-azar, tana fakewa ne a cikin ƙwayoyin da aikinsu shi ne cinye baƙin da suka shigo jiki, a saifa da ɓargo. A 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya fara ganin ƙwayar maleriya a jinin wani majinyaci a garin Kusantina na Aljeriya, kuma rinin Giemsa da ake shafa wa jini a kan gilashi don a gan ta ya fito ne tun 1904. Da wannan dabara muke aiki har yau, kuma ba abar rainawa ba ce. Ƙwararren mai duba madubi zai faɗa maka irin ƙwayar, ya ƙirga yawanta, ya gaya wa likita ko magani na cinta. Sai dai idonsa yana da iyaka. A aikin yau da kullum, idan ƙwayoyin ba su kai hamsin zuwa ɗari a cikin maikrolita ɗaya na jini ba, wato ɗan ɗigon da bai kai kan allura ba, sau da yawa za su wuce shi. Tsinken gwajin gaggawa kuwa sai sun kai wajen ɗari zuwa ɗari biyu yake nuna su da tabbaci.

Fasahar PCR ba ta neman ganin ƙwayar da ido. Wani masanin Amurka, Kary Mullis, ya ƙirƙiro ta a 1983, ya kuma samu kyautar Nobel a kanta a 1993. Ana zaɓar wani ɗan guntun DNA, wato sinadarin gado, da ƙwayar da ake nema kaɗai ke da shi, a sa jinin cikin inji mai ɗumamawa da sanyayawa, kowane zagaye guntun ya ninka kansa. Zagaye talatin ya isa ya mai da ƙwaya ɗaya ta zama kwafi wajen biliyan, yadda ba za ta iya ɓuya ba. Da haka ake gano ƙwayoyin da ba su kai biyar a maikrolita ba. Amma ni ba wannan kaifin ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tana faɗin ko wace ce ƙwayar, da kuma abin da ya sauya a jikinta.

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. A yankin Kapit na Sarawak a Malesiya, an shafe shekaru ana rubuta wa majinyata cewa suna ɗauke da Plasmodium malariae, irin maleriyar da aka sani da sauƙi. Amma majinyatan na jigata fiye da yadda ya kamata. A 2004 Balbir Singh da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gano bayan binciken DNA: daga cikin jini 208 da suka duba, 120 na ɗauke da Plasmodium knowlesi ne, ƙwayar birai, wadda ke ninka kanta duk awa 24 maimakon awa 72, kuma tana iya kisa. A ƙarƙashin madubi su biyun kusan ba a bambance su. Masu duba madubin ba sakaci suka yi ba, abin da kayan aikinsu ya nuna suka rubuta. Irin wannan ya taɓa mu kai tsaye. Tun shekarun 1970 littattafan likitanci ke koyar da cewa yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba sa kamuwa da Plasmodium vivax, saboda jajayen ƙwayoyin jininsu ba su da wata ƙofa da ake kira Duffy. Binciken DNA ya riƙa samun vivax a jinin mutanen da ba su da wannan ƙofa, a Madagaska, Habasha, Kamaru, Mali har da Nijeriya. Me ya sa wannan ya dame mu? Domin vivax na kwanciya a hanta ta tashi bayan watanni, kuma maganin da muke ba kowa ba ya kai wa ga wadda ta kwanta ɗin.

Hujjata mafi ƙarfi tana kan tsinken gwajin da kansa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da maganin maleriya, kuma tsinken ne ya sa wannan ya yiwu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin madubin likita ba. Yawancin tsinkayen da ake rabawa a Afirka suna neman wani furotin ne mai suna HRP2 da ƙwayar falciparum ke fitarwa. A shekarar 2010 ɗin aka ba da rahoto daga ƙasar Peru cewa akwai ƙwayoyin da suka rasa sashen gadon da ke ƙera wannan furotin. Suna nan cikin jini, suna sa zazzaɓi, suna iya kisa, amma tsinke zai nuna layi ɗaya ya ce babu komai. A Eritiriya ma'aikatan lafiya suka fara ƙorafi cewa tsinke na cewa babu alhali madubi na nuna akwai. Binciken da aka yi a 2016 ya nuna cewa a wani asibiti kusan kashi 80 cikin 100 na majinyatan da aka duba suna ɗauke da irin wannan ƙwaya, ƙasar kuma ta sauya tsinken da take saye. An samu matsalar a Habasha da Jibuti. A lura da yadda abin ke yaɗuwa: ƙwayar da tsinke ya gani ana kashe ta da magani, wadda bai gani ba ta koma gida a jikin mai ita, sauro ya ɗauke ta ya kai gaba. Wato gwajin namu ne ke share wa mai ɓuyar hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan irin wannan kuskure ya haura kashi 5 cikin 100, ƙasa ta sauya tsinke. To yaya za a san an kai kashi biyar ɗin? Tsinke ba zai tona asirin kansa ba. Tamkar mudu ne a kasuwar hatsi: da shi za a yi ciniki dubu a rana, amma dole a samu ma'auni na gaskiya a hannun hukuma da ake zuwa lokaci-lokaci a gwada mudun da shi, ko an buga masa gindi. PCR ce kaɗai ke tabbatar da cewa ƙwayar tana nan amma sashen gadon ya ɓace.

A duba girman abin da muke ɗora wa wannan tsinke. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 an samu kamuwa da maleriya miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu. Nijeriya ita kaɗai ke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan, Nijar kuma kusan kashi 6. A ƙasar da ke ɗauke da wannan kaya, kuskuren kashi biyar cikin ɗari yara ne masu yawan gaske da za a ce wa uwayensu su koma gida ba maleriya ba ce. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Daga gabashin Afirka zuwa Maiduguri hanya a buɗe take ta Sudan da Cadi, mutane na bin ta tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙafa. Sauron birni na Asiya, Anopheles stephensi, da aka fara gani a Jibuti a 2012, an same shi a jihar Gombe a 2020, kuma da binciken DNA aka tabbatar da shi.

Haka batun magani yake. Manyanmu sun san zamanin da kulorokwin ke sauke zazzaɓi cikin kwana biyu, sun kuma san yadda ya daina aiki, aka ci gaba da ba da shi shekaru yara na mutuwa kafin Nijeriya ta sauya manufa a 2005. A 2001 Abdoulaye Djimdé na Mali da abokan aikinsa suka nuna cewa wani ɗan sauyi ɗaya a gadon ƙwayar yana nuna ko za ta bijire wa kulorokwin. Tun daga nan ba sai an jira gawa ta yi yawa kafin a san magani ya fara gazawa ba. A 2014 aka gano cewa sauyi a sashen gado mai suna kelch13 ne alamar bijire wa atemisinin, ginshiƙin maganin da muke sha yau. An fara ganinsa a Kambodiya. A 2020 aka tabbatar da irinsa a Ruwanda, a 2021 a Yuganda, daga baya a Eritiriya da Tanzaniya, kuma binciken ya nuna a Afirka suka tsiro, ba shigo da su aka yi ba. Ga kuma maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara ƙasa da shekara biyar duk damina a jihohin Arewa da Nijar, tsarin da aka amince da shi tun 2012. Miliyoyin yara ke shan magani iri ɗaya wata bayan wata. Duk wanda ya san halin ƙwayar cuta ya san tana neman mafita. Wa ke dubawa duk shekara ko ta samu?

Masu cewa almubazzaranci ne suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Injin na da tsada, sinadaransa daga waje ake sayo su da dala, suna buƙatar firji, firji na buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa. Kuɗin gwajin PCR ɗaya zai sayi tsinke masu yawa, ko gidan sauro, ko magani. Duk gaskiya ne, da a ce ana nufin kowane mai zazzaɓi za a yi wa. Amma aikin sa ido ba ya buƙatar jinin kowa. Yana buƙatar samfuri daga wasu asibitoci da aka zaɓa a kowace jiha, sau ɗaya a shekara ko a shekara biyu. Kuma jinin ba ya buƙatar firji a hanya: ɗigo ake yi a kan takardar tacewa, ya bushe, a sa a ambulan, direban mota ya kai shi Kano ko Zariya ko Yamai, DNA ɗin na nan lafiya. Ko tsinken da aka riga aka yi amfani da shi ana iya ciro DNA daga cikinsa. Akwai kuma wata dabara da masana Japan suka fito da ita a 2000, ana kiranta LAMP, wadda ba ta buƙatar injin mai hawa da sauka. Zafi ɗaya take so, wajen digiri 65, cikin awa guda ruwan ya sauya launi. Kuɗin da za a kashe a irin wannan sa ido bai kai ɗan ƙaramin kaso na abin da ake kashewa wajen sayen tsinke da magani ba. Wane ne almubazzari, wanda ya kashe kaɗan don ya san kayansa na aiki, ko wanda ya sayi miliyoyin tsinke bai san ko suna ganin ƙwayar ba?

Ɗaya ɓangaren, masu son a yi wa kowa, su ne na fi jin tsoro, domin maganarsu na da daɗin ji kuma akwai riba a bayanta. A wurin da maleriya ta yi katutu kamar namu, manya da yawa da yaran makaranta suna yawo da ƙwayar kaɗan a jininsu ba tare da ciwo ba. Idan irin wannan mutum ya zo da zazzaɓin da sanƙarau ko ciwon huhu ko zazzaɓin Lassa ya jawo, PCR za ta ce akwai maleriya, kuma ba ƙarya ta yi ba. Likitan da ya tsaya a nan zai ba da maganin maleriya ya sallami mai ciwon da ke neman ransa. Mun riga mun ga yadda gwajin Widal ya mai da kowane zazzaɓi ya zama maleriya da taifod a bakin ɗakunan gwaji na kasuwa. Ba ma buƙatar sabon salo mai tsada na wannan kuskuren. Sannan akwai lokaci. Yaron da ke suma ba zai jira kwana biyu sakamako ya dawo daga birni ba, tsinke kuwa minti ashirin ne. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar amfani da PCR wajen duba majinyata na yau da kullum a ƙasashen da cutar ta yi yawa ba. PCR na faɗin abin da ke cikin jini. Ba ta faɗin ko shi ne ya kwantar da mutum.

Wannan magana ta fi fitowa fili a garke. Shanunmu na gida, Bunaji da Bokoloji da Rahaji, sun tashi tare da kaska. Maraƙi kan kamu da Babesia yana ƙarami, lokacin da jikinsa ke iya jurewa, ya girma da kariya, ƙwayar kuma ta zauna a jininsa kaɗan-kaɗan tana sabunta wannan kariyar. Idan aka yi wa garke lafiyayye gwajin PCR, za a samu da yawa suna ɗauke da Babesia, ko Anaplasma, ko Theileria mutans wadda yawanci ba ta da wata babbar illa. Wanda bai fahimta ba zai kwashe kuɗin Bafulatani da allurai, ya kuma raba shanun da kariyar da suka samu. To ina amfaninta? Amfaninta yana wurin bambancewa. Babesia bovis ta fi Babesia bigemina haɗari, tana maƙalewa a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, don haka kaɗan ake gani a jinin da aka ɗiba, madubi ya sha wuya. Kaskar da ta fi yaɗa ta, Rhipicephalus microplus, ba 'yar gida ba ce. An ba da rahotonta a Kwaddibuwa a 2007 bayan shigo da shanu daga Birazil, aka same ta a Benin da maƙwabta, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya ta hanyar DNA, domin a ido tana kama da 'yan uwanta da muka saba da su. Tana kuma da taurin kai ga magungunan wanka. Yanzu da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya a 2024, ana ta maganar shigo da shanun madara daga waje. Saniyar da ta taso a ƙasar da ba ta san waɗannan ƙwayoyi ba, kaska ɗaya na iya kayar da ita, haka kuma tana iya zuwa da abin da namu ba su sani ba. Gwada ta kafin ta shigo, da sanin abin da ke yawo a kasuwannin Maigatari, Potiskum, Illela da Mubi inda shanun ƙasashe uku ko huɗu ke haɗuwa, nan ne aikin PCR. Muna da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom tun 1924, muna da tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Masana na nan. Abin da ke yanke musu hanzari shi ne kuɗin sinadarai na dindindin. Dawakin hawan salla da na folo ma suna da nasu irin, Theileria equi da Babesia caballi, kuma dokin da ke ɗauke da su ƙasashe da dama ba sa barin sa ya shiga.

Idan muka koma ga cututtukan mutane, a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, inda Hausawa da yawa ke noma a bakin kogi, kala-azar na kisa idan ba a yi magani ba, maganin kuma allurai ne na kwanaki masu wahala. Gwajin gaggawa na rK39 da ke aiki sosai a Indiya bai kai haka kaifi a gabashin Afirka ba, tabbatarwa kuma a da sai an soka allura a saifa ko ɓargo. Duk dabarar da za ta tabbatar da cutar daga ɗigon jini rahama ce, kuma nan ma binciken DNA ne ke zama ma'aunin da ake gwada sababbin tsinkaye da shi.

Akwai gargaɗin da ya kamata masu injinan su ji daga bakin mai goyon bayansu. Kaifin da ya sa PCR ke ganin ƙwaya ɗaya shi ne ke sa ta ruɗe da ƙurar gwajin jiya. Ɗakin da ba a raba wurin haɗa sinadarai da wurin buɗe kwalaben da aka gama ba, zai riƙa fitar da sakamakon ƙarya da hatimi a kai, kuma ƙaryar da ta fito daga inji mai tsada ta fi saurin karɓuwa. Sannan tana ganin abin da aka aike ta nema ne kawai. Idan ba a sa mata guntun knowlesi ba, ba za ta ce ga knowlesi ba. Saboda haka dole a riƙa aika wa kowane ɗaki samfurin da aka san amsarsa don a jarraba shi, kuma kada a bari ƙwarewar madubi ta mutu, domin mai madubi ne ya fara lura a Eritiriya cewa akwai matsala. Abu na ƙarshe da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jinin da ake ɗiba a ƙauyukanmu a tura Turai ko Amurka, sakamako ya fito a mujalla bayan shekara uku, kwamishinan lafiyar jihar da aka ɗebi jinin bai taɓa gani ba. Cibiyar ACEGID da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta karanta gadon ƙwayar korona cikin 'yan kwanaki a Maris na 2020, ita ce ta farko a Afirka. Wannan ya isa ya nuna ana iya yi a gida.

Kirana ga gwamnonin Arewa da kwamishinoninsu na lafiya da na kiwo shi ne: ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙidaya injinan da korona ta bari, a gyara masu gyaruwa, a sa musu wutar sola. A ware kuɗin sinadarai a kasafin kowace shekara, ba a jira masu ba da tallafi ba. A ɗora wa ɗaki ɗaya ko biyu a kowace shiyya nauyin duba samfurin damina, na mutane da na dabbobi, su faɗa ko tsinke na ganin ƙwayar, ko magani na cinta, ko wata baƙuwa ta shigo, a kuma buga sakamakon kowa ya gani kafin a yi odar kayan shekara mai zuwa. Kai kuma mai karatu, idan ɗanka ya yi zazzaɓi ka nemi gwajin tsinke ko na madubi kafin magani. Idan tsinke ya ce babu amma zazzaɓin ya ƙi sauka, ka koma asibiti ka nemi a duba jinin a madubi, a kuma binciki sauran cututtuka.